Baƙin Zoben Famfon Garou

Shafi na 19

Masu cika mini waya da "Baba Latifu ina ci gaba, Baba ka yi shiru", to ga ni. Ban mutu ba. Ambaliya ta ci gidana ba ta ci ni ba, kwalekwale ya kife da ni tsakiyar gulbi na fito da hulata a kai, ba shafi guda ne zai kashe ni ba. Amma wanga shafi ya yi mini nauyi, shi ya sa na ja ƙafa. Ku karanta, kada wanda ya yi mini dariya sai ya kai ƙarshe.

Da hantsi munka isa bakin gulbi a Garou, ni da autana Zahiru, ya goyo ni a moto, wato babur.

Tun daga nesa na ji shiru. Famfon ƙungiyar manoma ya daina jan ruwa, shinkafa kuwa ta yi ciki. Ganyenta ya fara naɗewa. Manoma sun cika rumfar da ke gaban ɗakin famfo, kowa fuska a murtuke.

A tsakiya Haoua ce durƙushe. Ita ke riƙe da mabuɗin ɗakin tun da mijinta ya rasu, don ita ke taya shi aikin, ta san injin kamar tukunyarta. Da aikin nan take ciyar da ɗiyanta. Maza da yawa ba su taɓa son mabuɗin a hannun mace ba, yau sun samu ranarsu.

Ɗan'iya, shugaban ƙungiyar, abokina tun muna kamun kifi da hannu, ya taso ya tarbe ni.

"Yauwa, ga mai ƙarfe ya zo. A ba shi kujera."

"Kai tsoho, wa ya ce maka na gaji? Tsaye zan yi."

"To tsaya, ƙaton banza. Ka ji abin da anka yi wa zobenka?"

"Shi na zo ji."

Wanda ya shigo labarin ga yau, bari in faɗa mishi miye zoben. A jikin sandar famfo, wurin da take juyawa, akwai wani zoben ƙarfe mai tsawon yatsa. Ruwan gulbinmu da yashi yake tafe, yashin nan shi ke cin zoben. In ya cinye, iska ta shiga, famfo shi daina ja. Haka muke fama shekara da shekaru.

Bara Zahiru, da ya yi karatun injuna yake aiki a Kwatano, ya kawo wani zobe baƙi wuluk, mai sheƙi kamar idon kifi. Ya ce wata fata ce anka yi mishi a ƙasar waje, sunanta de-el-se. Wai gawayi ne, amma an sarrafa shi har ya kusa taurin lu'ulu'u, dutsen nan da ake yanka gilashi da shi. Ta fi ɓawon albasa siranta, ga santsi.

Ni da na tashi a maƙera, na ce ƙarya ne. Na ɗauko magagarina, wanda babu ƙarfen da bai ci ba. Na goga. Ya zame kamar ƙafa a kan sabulu. Na ƙara. Ko alama. Anka sa zoben a famfo, ya yi damina ya yi rani, yashi bai ce mishi komai ba.

Shi ne bana na ce a'a. Ƙarfen bature da fatar bature, ina namu a ciki? Na ce ni zan ƙera zoben da hannuna, a kai shi a yi mishi fatar. Na ƙera, masu injin sassaƙa ƙarfe sunka daidaita shi, Zahiru ya tafi da shi. Ya dawo da shi baƙi. Anka cire na bara anka ba manoman Madécali, anka sa nawa. Babu rumfar da ban faɗa ba a kasuwar Malanville.

Shi ne ko wata biyu bai rufa ba famfo ya tsaya.

Ɗan'iya ya juya wajen jama'a.

"Magana a fili take. Zobe irin wanga, mun gani da idonmu bara, yashi ba ya cin shi. In ya lalace, to an tada injin babu ruwa ne, ya yi zafi ya ƙone. Wa ke tada injin?"

"Haoua!" inji wasu.

"Tana can tana dahuwa ta bar shi yana ihu!"

"Dama mun faɗa!"

Haoua ba ta ɗaga kai ba.

"Shugaba, wallahi ban taɓa tada shi ban cika mishi ruwa ba. Ko marigayi ya san ni da wannan."

"Marigayi ba ya nan balle shi ba da shaida."

"Allah na nan."

"Allah na nan, shinkafa kuma na mutuwa. Kawo mabuɗi."

Ta kwance bakin zanenta. Ba mabuɗi ta fiddo ba, zoben ne. Da kanta ta kwance famfon ta ciro shi. Ta matso a durƙushe ta miƙo mini da hannu biyu.

"Baba Maƙeri, kai ka san ƙarfe. Ka duba. In ka ce ni ce, na yarda."

Na karɓa.

Tsakiyar zoben ta cinye ta yi fari fat, ga zane-zane kamar an ja ƙaya a kan yashi. Baƙin ya saura a baki-baki kawai, inda yashi bai kai ba.

Ni kuwa bakina bai san zama ba.

"Jama'a, ku saurara! Ni Latifu, tun ba a haifi rabinku ba nake dukan ƙarfe. Garmar da kakanninku sunka yi noma da ita, daga maƙerarmu ta fito. Wanga zobe, hannuna ya yi shi, ɗana ya sa anka yi mishi fatar lu'ulu'u. Ga baƙin nan da ya saura. Yanzu zan goga mishi magagari a gabanku, ku ga yadda zai zame. In ya zame, kun san ba daga ƙarfe ba ne."

"Goga, Baba!"

"Nuna musu!"

Na ji Zahiru ya taɓa mini hannun riga.

"Baba, bari sai mun je gida tukuna."

"Kai, matsa. Gida mi za mu yi?"

"Baba, don Allah."

Ban ko dube shi ba. Na zaro magagari daga aljihu, na dafe zoben a tafin hannu, na ɗora, na tura.

Ya ci.

Ku da ba maƙera ba, ba za ku gane ba. Ba sai ka gani ba, a hannu kake ji. Magagarin ya kama ƙarfen kamar wuƙa ta kama kabewa. Garin ƙarfe ya zubo mini a tafi.

Kafin kowa shi leƙo na danne wurin da babban yatsa.

Na kai zoben hanci kamar ina duba shi kusa. Ƙaurin man gyaɗa. Tsohon ƙauri, ya shiga ƙarfen ya zauna. Na san shi kamar sunana. Haka muke baƙanta wuƙa da lauje a gidanmu, a gasa ƙarfe shi yi zafi, a tsoma a man gyaɗa, shi fito baƙi don kada shi yi tsatsa. Ubana ya koya mini. Ni kuma mutum guda na koya wa.

Gumi ya karyo mini har cikin hula.

"Ƙaƙa, Baba? Ya zame?" wani ya tambaya daga baya.

"Rana ta kashe mini ido," na ce. "Bari in duba shi a inuwa."

Haoua ce kaɗai ke kusa da hannuna. Ta ga garin ƙarfen. Na ga ta gani. Ta sunkuyar da kai.

Na kama wuyan hannun Zahiru na ja shi bayan ɗakin famfo.

"Mi ne ne wannan?"

Ya kau da kai.

"Da kai nake. Shinshina."

"Ba sai na shinshina ba, Baba."

"Man gyaɗa ne?"

"Shi ne."

"Ina fatar?"

"Babu."

Na ɗaga hannu. Tun yana yaro ban taɓa marin shi ba, ranar nan saura kaɗan. Ya durƙusa, bai kare fuska ba.

"Ka cuce ni, Auta. Ka cuci mutanen ga. Mi na rage ka da shi? Ka sayar da zobena ne?"

"Wa zai saya, Baba?"

Maganar ta fito mishi ba shiri. Ya toshe baki da hannu.

"Mi ka ce?"

"Ka yafe mini."

"Maimaita!"

"Sun ƙi shi, Baba. Mutanen da ke yin fatar. Sun maido shi."

"Sun ƙi ƙarfena?"

"Sun gwada a kan guntun ƙarfenka da na haɗa musu da shi. Fatar ta hau. Da sunka danna, ta tsattsage ta zube."

"To fatarsu ce ba ta da kyau!"

"Fatarsu ce ta bara, Baba. Ita ce wadda magagarinka ya kasa."

Ya ci gaba, murya ƙasa-ƙasa, ido a ƙasa.

"Ka san in ruwa ya janye, laka takan yi ɓawo a sama, ta bushe ƙarau? Ka ɗauka ƙasa ce mai ƙarfi. Ka taka, ɓawon shi fashe, ƙafa ta nutse. Haka fatar take. Tana da tauri, amma siririya ce, ba ta ɗaukar kanta. Sai ƙarfen da ke ƙarƙashinta ya zama mai tauri shi ma, sumul kamar madubi. Naka mai taushi ne. Na garma ne, Baba. Ga garma babu kamar shi. Ga wanga aiki bai yi ba."

Bai yi ba.

Shekaruna duka a bakin wuta, ba a taɓa haɗa sunana da kalmar nan ba.

"Don mi ba ka faɗa mini ba?"

"Na zo da niyyar faɗi."

"To?"

"Na kira ka a waya daga hanya, na ce Baba akwai magana. Ka ce maganar ta jira, ka tara mutane a tasha. Na tambayi direba, ya ce har da mai kalangu ka ɗauko. A garin Kandi na sauka. Na nemi wata maƙera na roƙi wuta, na sayi man gyaɗa kwalba guda. Da na iso, kana tsaye bisa benci kana cewa yau ƙarfen Malanville ya auri lu'ulu'u. Da wane baki zan faɗa?"

"Da bakin da kake cin tuwo!"

"Baba, a gidanmu wa ya taɓa ce maka abin da ka ƙera bai yi ba? Inna? Yayyena? Ni auta ne zan fara, a gaban mai kalangu?"

Na jingina da bango. Bangon ya yi zafi, ban ji ba.

"Na sa an yi wani na gaske," ya ce. "Na ce kafin wanga shi cinye zan zo in musanya, ba wanda zai sani. Na ɗauka zai kai girbi. Ban san yashi zai ci shi da wuri haka ba. Na gasken bai iso ba har yanzu."

"Kuma kana tsaye ana cin mutuncin matar mutane."

"Tun jiya ban ci abinci ba, Baba."

"Yunwarka za ta shayar da shinkafa?"

Sai munka ji gyaran murya. Ɗan'iya ne a kusurwar ɗakin, hannu a baya. Ban san tun yaushe yake nan ba. Fuskarshi ta nuna ya ji abin da ya isa.

Ya matso, ya sauya harshe zuwa Dendi don maganar ta tsaya tsakaninmu.

"Latifu, sa zoben a aljihu."

"In yi mi da shi?"

"Ka fita ka ce ya zame. Shi ke nan. Zan aika Madécali a aro mana na bara, yau ruwa shi tashi."

"Haoua fa?"

"Mabuɗi ne kawai. Za mu ba ta wani abin, shara ko tsaron buhu. Mace ce, gobe an manta."

"Ba ta yi komai ba."

"Na sani. Kai ma ka san abin da zai faru in sunka ji. Ni na tsaya maka anka cire zobe mai kyau anka sa naka. Gemuna da naka a igiya guda suke. Ɗanka kuma, wa zai ƙara yarda da shi daga nan har Gaya? Wasu a rumfar can jandarma za su kira. Ka yi tunani, tsoho."

Ba zan ɓoye muku ba. Na sa zoben a aljihu.

Ni ɗin nan da kuke kira jarumi a waya. Na sa shi a aljihu, na gyara hula, na bi bayan Ɗan'iya kamar akuyar da anka saya.

Munka fito. Rumfa ta yi tsit.

"To, Baba Maƙeri ya duba," inji Ɗan'iya. "Baba, faɗa musu."

Na dubi sama, na dubi gulbi, na dubi takalmina.

Haoua ce ta cece ni, kuma da ta bar ni na mutu ya fi.

Ta miƙe. Ta ciro igiyar da ke wuyanta, mabuɗin na lilo. Ta zo gaban Ɗan'iya ta rusuna.

"Shugaba, kada a wahal da tsoho a rana. Ga shi. Wataƙila na yi kuskure ban sani ba."

"Kin gani! Da tun farko kin faɗa!" wani ya yi ihu.

"Mata da injin!"

Ta juyo ta dube ni sau ɗaya, ba da fushi ba. Irin kallon da ɗiya ke yi wa uba in ta ga rigarshi ta yage a baya, ta matso ta tsaya don kada mutane su gani.

Ita da ta ga garin ƙarfen da idonta.

Na sha ruwan gulbi har na ga mutuwa, ban ji abin da na ji a ƙirji lokacin nan ba.

Ɗan'iya ya miƙa hannu zai karɓa.

"Dakata."

Muryata ce, amma kamar ta wani.

"Latifu," inji Ɗan'iya, yana zare mini ido.

"Na ce dakata. Ɗiyata, maida igiyarki wuya."

Na fiddo zoben. Na fiddo magagari. Na matsa kusa da ita. Na miƙa mata duka biyu.

"Goga. Ɗaga sama kowa shi gani."

"Baba, a bari."

"Goga, Haoua. Umarni ne."

Ta ɗaga zoben. Ta tura magagari sau ɗaya.

Ƙarar ta kai har bakin ruwa. Baƙin ya tashi, farin ƙarfe ya bayyana, gari ya zubo a kan zanenta.

Rumfa ta ɗauki salati.

"Fenti ne!"

"Babu wani lu'ulu'u!"

"An yaudare mu!"

"Ashe matar nan gaskiya take faɗi!"

"Ba ta ƙona komai ba," na ce. "Yashi ne ya ci shi, don babu fata a jikinshi. Mabuɗi nata ne. Wanda ya zage ta shi nemi gafararta. Amma maganar ba ta ƙare ba. Ƙarfen nan…"

"Ni ne!"

Zahiru ne ya ratso mutane ya tsaya gabana, ya ba ni baya, ya rufe ni kamar zana.

"Ni ne na yi. Baba bai san komai ba. Zoben da Baba ya ƙera lafiyayye ne, an yi mishi fata, ya fi na bara kyau. Wani ya gani a Kwatano ya yaba, na ba shi. Wanga a bola na tsinto shi na shafa mishi mai. Ba ƙarfen Baba ba ne. Ku yi duk abin da za ku yi da ni."

"Auta, rufe bakinka!"

"Ɓarawo!"

"Ɗan maƙeri ya ci amanar ubanshi!"

"A kira jandarma!"

Wasu samari sun riga sun riƙe mishi riga. Wani ya zare mabuɗin motonshi. Bai motsa ba. Ya waigo ya dube ni, idanunshi na roƙona in yi shiru.

Ɗan'iya ya ɗaga hannu biyu har hayaniya ta lafa. Na ga sauƙi a fuskarshi, ya samu ƙofa.

"Ku saurara! Tsohon ga an cuce shi kamar yadda anka cuce mu. Latifu, kalma ɗaya muke so. Wanga zobe, ƙirarka ce ko ba ƙirarka ba ce?"

Ido ya yi mini yawa.

Zoben na hannun Haoua har yanzu. Na ga ta juya shi, ta leƙa cikin bakinshi, ta tsaya cak.

Ta ga ƙafar tsuntsu. Alamar da nake bugawa a kan duk abin da ya fita daga maƙerata. Babu manomi a rumfar nan da ba ya da ita a jikin garmarshi.

A hankali ta ɗora babban yatsa a kai ta rufe.

Ta ɗago ta dube ni, tana jira in ce mata ta ɗaga yatsan ko ta bar shi.